DARASINMU NA WANNAN FITOWA: UWARGIDA DA SHIRIN FARKON DAMINA

'Yar'uwa, barkanmu da ganin ƙarshen bazara. A ƙasar Kano ruwan shuka yakan sauka ne tsakanin watan Mayu da Yuni, Zariya takan riga mu, Daura da Maraɗi kuwa sukan ɗan biyo baya. Da an ji ƙamshin ƙasa sai maza su saɓi sungumi su yi gona, a bar ki da gida da yara da dabbobi. To, abin da kika shirya a makonnin nan shi zai nuna yadda gidanki zai wayi gari a watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, asibiti kuma ya cika da yara. Darasinmu zai tsaya a kan abubuwa biyar.

1. Lissafin rumbu

Gero yakan ɗauki kimanin wata uku kafin ya nuna, dawa kuwa sai can wajen Nuwamba. Ke nan daga ranar shuka zuwa sabon hatsi akwai kwana 100 zuwa 120 da za a ci tsohon abinci, a daidai lokacin da farashi ke hawa a kasuwa. Zauna ki yi lissafi. Misali gidanku na cin kwano 2 a rana. A kwana 120 ya zama kwano 240. Buhu a kasuwanninmu yakan ɗauki kwano 40, kin ga buhu 6 ke nan. Shin suna nan?

In babu, yanzu ne lokacin magana da maigida, cikin ladabi da sanyin murya, ba sai tukunya ta ƙi hawa murhu ba. Wataƙila a sayar da akuya ɗaya a sayi hatsi tun bai ƙara tsada ba, ko ki nemi a ba ki kwasar adashi a wannan wata. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ki kuma duba inda hatsin yake. A ɗora buhuna a kan katako ko duwatsu, a ja su daga jikin bango. Masara da gyaɗar da suka sha danshi suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince masu baƙi da masu ɗaci a binne, kada a ce bari a ba kaji. Wake kuwa, buhun nan mai gida uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin waken ya bushe sarai kuma an ɗaure kowace leda tam. Ya fi ƙwayar maganin nan da wasu ke jefawa cikin buhu a ɗakin kwana, alhali iskarta tana iya kashe mutum.

Hattara kuma da irin shuka da aka gauraya da magani, wanda za ki ga ya yi ja-ja. Ko an wanke shi ba ya ciyuwa. Ragowarsa a ɓoye nesa da yara da kaji.

2. Gini da itace

Kafin ruwa ya yi ƙarfi, ki zaga gidan ki gani da idonki. Indararo ya toshe? Rariya ta cika da shara? Gindin katanga ya zaizaye? Ki faɗa wa maigida a yi yaɓe, a gyara jinka. Bangon da ya tsage kada ki shimfiɗa wa yara tabarma a gindinsa, domin rushewar bangon ƙasa da daddare kan ci rayuka a damina.

Kara da itace a shigar da su rumfa tun suna bushe. Jiƙaƙƙen itace yana cinye lokacinki, hayaƙinsa kuma yana cutar da idonki da ƙirjin goyon da ke bayanki.

3. Ɗan lambun bayan ɗaki

Ko kina cikin kulle, ba ki rasa taku biyar na fili a cikin gida. Zuba takin awaki wanda ya ruɓe, ki shuka kuɓewa, yakuwa, rama, lalo da alayyafo, kabewa kuma ki bar ta ta hau danga. Alayyafo kan isa tsinka cikin wata guda, kuɓewa cikin wata biyu. Zogale ma reshensa kawai za ki kafa a ƙasa mai danshi ya kama. Kuɗin cefane ya ragu, yara sun sami ganyen da ke ƙara jini, abin da ya yi saura ki shanya a inuwa ki adana wa rani. Sai dai fa a kewaye wurin da kara, in ba haka ba kaji za su riga ki.

4. Dabbobi a turke

Da zarar shuka ta fito, sakin dabba ya ƙare. Akuyar da ta shiga gonar maƙwabci tana iya ɓata zumuncin shekara ashirin, kuma haƙƙi ne a wuyan mai ita. A ɗaure su a wuri mai tudu da rumfa, a riƙa kwashe kashinsu ana tarawa don taki. Ɗanyar ciyawa mai raɓa takan sa su zawo da kumburin ciki, don haka a bari ta ɗan sha iska tukuna. A nemi malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki.

5. Lafiyar yara

Nan ne ya fi buƙatar natsuwarki. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, kuma cikin kwana 10 zuwa 14 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Saboda haka kowane mako ki kifar da fasasshen tulu, gwangwani da tsohuwar taya, a cike kududdufin ƙofar gida. Fito da gidan sauro, ɗinke inda ya yage, kowa ya kwana a ciki, musamman mai juna biyu da ƙananan yara.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankinmu, 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya kowane wata a damina. Kowane zagaye na kwana 3 ne: ma'aikata su ba da na ranar farko, na sauran kwana 2 yana hannunki. Kada ki ajiye shi wai sai yaro ya yi zazzaɓi. In kuwa jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini a ranar, kada a jira ya fara jijjiga.

Ruwan farko yakan kwaso ƙazantar gari ya zuba a rijiyar da bakinta bai da tudu, daga nan sai amai da gudawa. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, guga ya daina kwana a ƙasa. Ruwan sha a tafasa, randa a rufe, moɗa ɗaya tak. Idan gudawa ta kama yaro, ki dama ƙunshin ORS a lita 1 ta ruwa mai tsafta. In babu shi, ki sa cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin gishiri a lita 1. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da shayarwa, abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko kin ga jini a kashin, sai asibiti ba ɓata lokaci.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, ki yi abu uku: ki lissafa hatsin gidanki da kwanakin da zai kai ku, ki shuka aƙalla iri biyu na kayan miya, sannan ki koya wa maƙwabciyarki ko abokiyar zamanki haɗin ruwan gishiri da sukari har sai ta iya da kanta.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.