Kafin Ka Ɗaga Kai Ranar Husufi

Ranar 2 ga Agusta, 2027, wata zai rufe rana ruf a Makka da Luxor ta Masar, kamar yadda aka gani a Katsina da Gusau a 2006. Mu a Arewa wani yanki na rana kawai zai rufe, kuma haɗarin ke nan: abin da ya rage yana ƙona ido, ba tare da ka ji zafi ba.

Baƙin tabarau na kwalliya ba ya kariya, haka ma leƙen ruwan kwano da muka saba. Nemi gilashin husufi mai lambar ISO 12312-2. In babu, huda kwali da allura, ka juya wa rana baya, ka kalli siffarta a ƙasa. Don Allah a sa ido kan yara.