Komawa lakwal: a kwantar wa yara da hankali

Damina ta wuce, kaka ta shigo. A watan Oktoba ne ake buɗe lakwal a Nijar. A lokacin, daga Urafan da Maijirgi na ƙasar Tasawa har Kanambakashe da Sarkin Hausa na ƙasar Mayahi, kowa yana gona. Ana girbin hatsi, ana roron wake. Yara sun yi wata 3 suna hutu, suna kiwo, suna kai fura gona, suna wasan dandali. Rana ɗaya sai a ce su zauna cikin aji tun ƙarfe 8 na safe. Wannan canji yana yi wa yaro nauyi. In ba a kula ba, wani yaron daga nan yake barin karatu.

1. Yadda ake gane yaro yana cikin damuwa

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙaramin yaro bai iya cewa "tsoro nake ji" ba, jikinsa ke faɗi. Wani ciwon ciki yake yi da safe, da hantsi ya warke. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani ya ƙi cin tuwo, ko ya yi ta faɗa da ƙannensa. Wani ya fita da kaye a hannu, ya laɓe cikin karan gona har a tashi.

Amma a lura: kaka lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita ran nan.

2. Abin da ke kawo damuwar

Ɗan aji na 1 bai saba rabuwa da uwarsa ba. Ga shi kuma yana jin Faransanci, harshen da ba a yi a gidansu.

Wanda ya maimaita aji yana jin kunya, don abokansa sun wuce sun bar shi.

Wanda ba shi da kaye ko bik ko takalmi yana gudun dariyar yara.

Wanda ya gama aji na 6 ya tafi kwaleji a Tasawa ko Mayahi yana zaune gidan mai masauki. Kewar gida tana damunsa.

Yarinya tana jin surutun mutane, ana cewa sa'o'inta sun yi aure. Alhali tun shekarar 2017 gwamnati ta fitar da doka mai kare yarinya ƴar lakwal har ta kai shekara 16.

Akwai kuma tsoron wuta. Ranar 8 ga Nuwamba 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a garin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Yaran da ke karatu cikin rumfar zana suna jin wannan labari a bakin manya.

3. Abin da uwaye za su yi

Na ɗaya, a saurara. Da dare, bayan tuwo, uwa ta tambaya a hankali: "Auta, me aka yi yau a lakwal?" In ya ce: "Inna, tsoron mushe nake ji," kada ta yi dariya. Ta ce: "Na ji. Gobe babanka zai raka ka." Yaron da aka saurare shi, rabin damuwarsa ta tafi.

Na biyu, a bar duka da zagi. Bulala tana kai yaro bakin aji, amma ba ta fitar da tsoro daga zuciyarsa. Ƙara shi take yi.

Na uku, a sa kaka cikin maganar. Akwai kunya tsakanin uwa da ɗan fari, amma jika da kaka abokan wasa ne. Abin da yaro ya ɓoye wa uwayensa, yana faɗa wa kakarsa.

Na huɗu, barci da abinci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. A rage hirar dandali tun saura mako guda a koma. Da safe ya sha fura ko kunu, don yunwa tana kawo fushi da kuka.

Na biyar, a koya masa dabara. In gabansa ya faɗi, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi ta baki, sau 5. In ransa ya ɓaci, ya ƙidaya daga 1 zuwa 10 kafin ya ɗaga hannu.

Na shida, a haɗa shi da abokin tafiya, wa ko ya ko ɗan maƙwabta.

4. Aikin mushe da na gari

Uba ya je ya gai da mushe tun makon farko, ya faɗa masa halin ɗansa. Kwamitin lakwal da ƙungiyar uwaye mata su bi gidajen yaran da ba su dawo ba. Su share ciyawa kewayen rumfuna, su hana hura wuta kusa, su nuna wa yara hanyar fita. In damuwar yaro ta wuce wata guda ba sauƙi, a nemi shawarar likita.

Duk wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ya san yadda hannu ke rawa ranar da ya fara riƙe alli. Babba ke nan, balle yaro ɗan shekara 7. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye.

Tambayoyin tattaunawa

1. Waɗanne alamu ke nuna yaro yana cikin damuwa?
2. Don me duka ba ya maganin tsoro?
3. Yara nawa ne a garin nan ba su koma lakwal ba bana, kuma wa zai je gidajensu?