Yadda ake jera lasifikan falo, da abin dubawa kafin sayen sababbi

Yawancin masu kukan cewa lasifikansu ba su da daɗin sauti, matsalar tana wurin da suka ajiye su. Za ka tarar an cusa ɗaya a lungu bayan kujera, ɗayar kuma an ɗora ta kan kabad dab da silin. A haka ko Wharfedale ka sayo, kuɗinka ka zubar. Don haka fara gyara wuri, saye ya biyo baya.

Kashe amfilifaya tukuna, ka duba wayoyi. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a jikin amfilifaya da jikin lasifika. Idan aka juya waya a ɓangare guda, fatar wannan lasifika tana turowa waje lokacin da ta waccan ke komawa ciki, sai bes ɗin ya tsinke, murya kuma ta rasa mazauni. In alamar wayar ta goge, taɓa bakunan wayoyin biyu da kai da gindin ƙaramin batir mai volt 1.5 na ɗan lokaci: idan fatar ta turo waje, wayar da ke kan kan batirin ita ce ja.

Sai tazara. Nisan da ke tsakanin lasifikan biyu ya zama daidai da nisan kowace zuwa inda kake zama, kamar duwatsun murhu. A falo madaidaici mita biyu zuwa biyu da rabi ya isa. Ƙaramin bakin nan na sama, tuwita, ya yi daidai da kunnenka idan kana zaune, domin siririn sauti a miƙe yake tafiya. In a kan darduma kake zama, to a sauke su.

Inda aikin yake shi ne tsakanin lasifika da bango. Ɗakunanmu na bulo da siminti ne, ƙasa kuma tayil, duk abubuwa masu maido da sauti. Duk bangon da lasifika ta kusanta yana ƙara mata bes, lungu kuwa ya fi muni tunda bango biyu ne ga ƙasa ta uku. Wasu suna jin wannan rugugin su ɗauka ƙarfi ne, alhali ya danne muryar mawaƙi da kaifin kalangu. Leƙa bayan akwatin. In akwai rami zagayayye, ta nan iskar bes ke fita, kuma irin wannan ba ta son a manna ta da bango ko kaɗan.

Ga yadda nake yi. Na fara da kusan rabin mita daga bangon baya, na sa waƙa guda wadda kunnena ya san ta sarai, na riƙa matsar da lasifikan taƙi ɗaya gaba ko baya, ina komawa kujera ina saurare. Waƙar ba ta canzawa, ƙarar ma haka. Inda bes ya daina rugugi amma bai rame ba, nan na tsaya na manna salatif a ƙasa, don masu shara za su ture su gobe. Ka kuma kula kada nisan bangon baya ya zo daidai da na bangon gefe.

Daga nan karkato fuskokinsu kaɗan su dubi kujerarka, ka kunna labaran rediyo. Muryar mai karantawa ta fito daga tsakiya cak, kamar akwai lasifika ta uku a wurin. In ta karkata hagu, ta hagu ta fi kusa da kai, ko kuma maɓallin balans ya goce. Shimfiɗa kafet tsakaninka da su, ka rataya labule mai kauri a taga.

In bayan duk wannan sautin bai gamsar da kai ba, sai a yi maganar saye. Kada lambar nan ta PMPO da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali ta ruɗe ka, wai wat dubu biyu. Nemi lambar wat ta RMS. Duba om kuma: galibi 4, 6 ko 8 ne, kuma bayan amfilifayarka an rubuta mafi ƙanƙantar da za ta iya ɗauka. Ka haɗa mata mai 4 alhali 8 take so, za ta yi ta zafi har ta kashe kanta. Ni na fi son tokumbo na Yamaha ko Pioneer a kan sabbin akwatuna masu walwalin fitilu, amma sai ka cire ragar gaba ka shafa soson da ya kewaye fatar, domin yana ruɓewa da tsufa. Danna fatar a hankali, in ka ji tana karce-karce, bar musu kayansu.

Waya kuwa ta jan ƙarfe zalla mai ɗan kauri ta wadatar. Kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya, in ka ga cikin fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, sai ka nemi wata.