Bakinsa Ne Ya Ɗaure, Hankalinsa Na Nan

Abin da ya fi ƙona ran mai shanyewar ɓarin jiki a gadon asibiti shi ne a riƙa magana a kansa kamar ba ya wurin. Likita ya zo zagaye, ya dubi ɗansa ya ce, "Ya ya kwana? Ya ci abinci?" Dattijon kuwa yana kwance yana ji, amsa na cikinsa, baki ya ƙi buɗewa.

Ga dalili. A wurin yawancin mutane, cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a nan, sai hannu da ƙafar dama su shanye, magana ma ta bi su. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo yana samun matsalar magana. Wani yana gane komai, kalmar ce ke ɓace masa: ya so cewa "ruwa", sai "buta" ta fito. Wani kuma fahimtar ce ta raunana. Wannan ba taɓin hankali ba ne, ba kuma shafar iska ba.

Likita da nas, ku fara gaishe shi da sunansa, kuna kallon idonsa. Tambaya ɗaya a lokaci guda, wadda zai amsa da ɗaga kai ko matse hannu. Ku ba shi lokaci, kada ku ɗaga murya, ba kurma ba ne. Kafin a juya shi ko a sa masa robar hanci, a gaya masa abin da za a yi.

Masu jinya, ku daina ƙarasa masa zance, kuma ban da hirar "anya zai tashi?" a gabansa. Ku ware mutum ɗaya da zai riƙa jin bayanin likita, don kada labari ya rabu goma.

Kafin sallama, ku tambaya: toshewa ce ko fashewa? An gwada haɗiyarsa? Kunu ko ruwa idan ya bi hanyar iska yana jawo ciwon huhu. Yaushe za a fara gashin ƙashi? Sau nawa za a juya shi don gudun gyambon kwanciya? Maganin hawan jini kuwa ba a barinsa don an ga sauƙi, sai da izinin likita.

Idan kun ga ya daina ci, yana yawan kuka ko ya ƙi gashi, ku sanar da likita. Ciwon damuwa yakan biyo bayan shanyewar jiki, kuma yana da magani.