Cutar Sida da Wuraren Neman Abinci a Ƙasar Arewa

Jama'ar Arewa, daga Dogondutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme da Dumega, wannan takarda taku ce. Amma ta fi shafar duk mai yara a ƙarƙashinsa: mai gareji, shugaban tasha, tela, shugaban 'yan kabu-kabu, da ɗan kwangilar da ke ɗibar leburori.

In aka ce a yi faɗakarwa kan Sida a wuraren aiki, mutane da yawa sukan ɗauka zancen manyan kamfanoni ne, irin masu haƙar yuraniyom a Arlit ko bankunan Yamai. Mu nan ba mu da irinsu. Abin da muke da shi babbar hanyar kwalta ce, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, ta ratsa Koremairuwa da Dogondutsi, ta nufi Ƙonni da Maradi, manyan motoci na kwana a bakinta. Muna da iyaka da jihar Kebbi, ana shige da fice kullum. Muna kuma da samari da magidanta waɗanda da an kai hatsi rumbu sai su ɗaura jaka su tafi biɗa Nijeriya, ko Kwatano, ko Abijan, sai damina ta kawo jiki su komo. Mutumin da ya yi wata shida bai ga iyalinsa ba, ga 'yan kuɗi a aljihu, yana bukatar wanda zai gaya masa gaskiya tun kafin ya shiga mota.

A shekarar 1987 aka fara ganin cutar a Nijar. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna tana jikin mutum 7 cikin 1,000 na masu shekara 15 zuwa 49, na 2012 kuma ya nuna ta sauka zuwa 4 cikin 1,000. Wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai sauƙin ya sa an yi sake. Yaron da ke koyon kanikanci yau bai ga zamanin da ake komo da mutane gida sun zama ƙashi da fata ba, don haka yana jin zancen kamar tatsuniya. Alhali a wasu rukunin jama'a, kamar mata masu zaman kansu, yawan masu ɗauke da ita ya ninka na sauran mutane sau da yawa.

To, wa zai yi maganar? Ma'aikacin lafiya yakan zo sau ɗaya a shekara, galibi ranar 1 ga Disamba, ya yi jawabi da lasifika, a tafa, a raba riguna, a watse. Ba wanda zai ɗaga hannu gaban jama'a ya ce yana jin zafin fitsari tun da ya komo daga tafiya. Maigida kuma akwai kunya tsakaninsa da yaransa. Saura ɗaya: abokin aiki, tsaran mutum, wanda ake cin tuwo kwano ɗaya da shi. Shi ake zaɓa a tura likita a koya masa, ya komo yana koya wa 'yan'uwansa.

Ku duba yadda abin yake a gareji da azahar. An ajiye sifana, an wanke baƙin mai da kananzir, an ɗora shayi. Ba taro aka kira ba. Cikin hira wani ya ce ai shi yana gane mai Sida da ido. Sai wanda aka koya wa ya ce, "Haba aboki, mutum kan yi shekaru da ƙwayar a jininsa yana ɗaga injin mota shi kaɗai. Awon jini kawai ke nunawa." Aka yi dariya, aka wuce. Bayan la'asar, da kowa ya koma ƙarƙashin motarsa, sai ƙaramin cikinsu ya matso ya ce, "Yaya, awon nan nawa ake biya, kuma wa zai ji sakamakon?" Wannan tambaya ita ake nema, kuma ba a samun ta da lasifika.

Abin da mai faɗakarwa zai riƙe ba shi da yawa. Cutar na bin saduwa, da jini, da kuma daga uwa zuwa ɗa lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba ta bin gaisawa, ko kofin shayi, ko buta, ko cizon sauro. Reza da allura ba a yin tarayya a kansu, askar wanzami kuma a tafasa ta. Wanda ya kame kansa ya tsaya ga iyalinsa ya huta. Wanda ya san ba zai iya ba, kwaroron roba irin su Foula, na ƙungiyar Animas-Sutura, ya fi masa ɗauko wa matarsa ciwo. Maganin rage ƙarfin cutar kyauta ake ba da shi a Nijar tun 2004. Ba ya warkarwa, amma mai shan sa kullum yakan yi aikinsa har ya tsufa, in ƙwayar ta ragu a jini har awo bai gan ta ba kuma ba ya sa wa matarsa.

Wajen zaɓen mutumin nan ake yin kuskure. Sau da yawa akan ɗauki mai baki, wanda ya iya ba da dariya, ko ɗan'uwan shugaba saboda 'yan kuɗin zaman horo. A ganina babu sharaɗin da ya kai riƙon asiri. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa surukin kowa ne. In magana ɗaya ta fita daga bakinsa ta kai fada, an gama, ba mai sake matsowa kusa da shi, har wanda za a naɗa bayansa ma ya gaji rashin yardar. Gara shiru-shirun da ake ba ajiyar kuɗi. A ɓangaren mata ma haka: masu tuwo da fura a tasha, da masu ƙuli-ƙuli, da ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, su zaɓi tasu a cikinsu, don akwai abin da mace ba za ta taɓa tambayar namiji ba.

Kai kuma maigida, ga naka. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda Sida, ko wajen ɗauka ko wajen sallama, akwai kuma dokar 2015 da ta keɓanta ga cutar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi irin wannan tanadi a 2010. In yaronka ya ce zai je likita karɓar magani, ba shi rabin yini, kada ka ce maganin mene ne. Yaron da ka koya wa aiki shekara biyar, korar sa asararka ce kafin ta zama tasa.

Wata dabara mai amfani ita ce kada a ware Sida ita kaɗai. In sandikar direbobi ta ce gobe awon Sida, kowa zai ce yana da lodi. In ta shirya da asibitin gunduma aka ce ranar duba lafiya ce, a auna hawan jini da sukari da ido, a yi zancen tari da tiramol ɗin da ke cin samarinmu, awon Sida na ciki ga mai so, a ɗaki keɓe, to wanda ya shiga ba a san abin da ya kai shi ba. Shugaba ya fara miƙa hannunsa. Sakamakon kan fito cikin mintoci kaɗan, sai dai wanda bai daɗe da yin ganganci ba ya sake awo bayan wata 3. Wanda kuma allurar wani ta soke shi, ko aka yi wa fyaɗe, a kai shi likita nan take, domin akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, kuma dole a fara shi kafin awa 72 ta cika.