Ga Matasan Ƙofar Marke, Kafin Ku Sa Hannu A Takardar Inshora

Na lura da yawancinku, tun daga masu kabu-kabu da teloli da dukawa har ma'aikatan ofis, da zarar an ambaci inshora sai hankalinku ya tafi kan mutuwa. Ni kuwa wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne magidancin da ya yi hatsari, ko ɓarin jikinsa ya shanye, yana raye, yana buƙatar abinci da magani, amma hannun da ke nema ya tsaya. Wanda ya rasu, dangi kan taru su rungumi marayunsa. Mai doguwar jinya kuwa, 'yan dubiya kan ragu tun wata bai cika ba.

Na san za ku ce mini, Baba, ai malamai sun hana. Gaskiya ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci a 1985, amma a zama guda ta halatta ta taimakekeniya, wadda muke kira takaful. Sudan ta fara ta tun 1979. A nan gida, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Kowa na zuba gudunmawa a asusu ɗaya, a tallafa wa wanda jarrabawa ta sama, in an samu rara a raba wa masu zubi.

Kafin ka biya ko kwabo, bincika abin da ke hannunka. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatun da ke ƙarƙashinta su yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa hukumar NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma ranar da ka bar aikin, wannan rumfa ba ta biyo ka gida.

Mai sana'ar kansa shi ne nake ji wa tsoro, don ba shi da ko ɗaya. Shawarata, ya fara da rajistar lafiya a hukumar asusun lafiya ta jiha, SOCHEMA, sannan ya nemi kariyar nakasa da ta manyan cututtuka irin su kansa da ciwon ƙoda. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san yadda cuta ke cinye gona da fili. Kariyar rai sai ta riƙa ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar iyali da bashi.

A nan ne nake so ku natsu. Sau da yawa akan haɗa kariyar nakasa da ta cututtuka da ta rai a takarda ɗaya don ta yi araha, amma a wasu takardun duk abin da aka biya ka lokacin ciwo, cire shi za a yi daga abin da iyalinka za su samu bayanka. Ka tambaya ƙarara. Ka kuma tambayi me suke kira nakasa: kasa yin sana'arka, ko kasa yin kowace irin sana'a? Baduku da ya rasa yatsunsa ya rasa abincinsa, amma wata takardar za ta ce ai yana iya gadi. Kada ka ɓoye hawan jini ko ciwon suga wajen cike fom, domin ɓoyewar kan sa a hana biya ranar buƙata.

Kada kunya ta sa ka sa hannu a kan abin da ba ka gane ba. Kai takardar gida, a karanta maka da Hausa, ka tambayi malaminka yadda kuɗin zai shiga rabon gado, sannan ka gaya wa maiɗakinka inda ka ajiye ta.