Shin Hoton Mama Yana Jawo Sankarar Wuya?



 Darasinmu na wannan fitowa zai tsaya ne a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a wayoyin mata, wai hoton da ake ɗauka a asibiti don binciken sankarar mama shi ne yake jawo sankarar wuya, kuma wai duk wadda za ta yi hoton ta tabbata an ɗaura mata makarin dalma a wuya, in ba haka ba gara ta fasa. Maganar nan ba ta wasa ba ce, domin mace za ta iya jin ƙullutu a mamanta, likita ya rubuta mata hoto, sai ta tuna da wannan saƙo, ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin katifa. To bari mu bi abin daki-daki.

MENE NE HOTON MAMA?

Likitoci suna kiransa mamogiram. Ana ɗaukarsa ne da irin hasken da ake hoton ƙashi da shi idan mutum ya karye, wato ekisire, sai dai na mama ƙarfinsa kaɗan ne. Ma'aikaciya za ta ɗora maman a kan wani faranti, ta sauko da wani farantin ya danne shi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta ɗauka. A al'ada hoto biyu ake yi wa kowane mama, ɗaya ta sama, ɗaya ta gefe. Dannewar tana da ɗan zafi, amma tana da amfani, domin ita ke sa hoton ya fito tas, kuma tana rage yawan hasken da ake buƙata. Amfanin hoton shi ne yana iya nuna ciwo tun yana ƙarami, tun hannu bai kai ga jin sa ba.

MECE CE TAYIROD?

Wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum yana da maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadaran da ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki da yadda jiki ke sarrafa abinci, kuma da sinadarin aidin take wannan aiki, shi ya sa ake zuba aidin a gishirin da muke miya da shi.

Gaskiya ne cewa haske mai yawa irin na ekisire yana iya cutar da ita, musamman a jikin yara. A shekarar 1986 tashar nukiliya ta Carnobil a ƙasar Yukiren ta yi bindiga, gurɓataccen aidin ya watsu a ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madararsu. Zuwa shekarar 2005 an ƙirga fiye da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar tayirod daga cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin da abin ya faru. Kin ga ke nan tsoron yana da tushe. Sai dai abu biyu ne suka haɗu a can: yawan abin da ya shiga jiki, da ƙarancin shekarun waɗanda ya shiga jikinsu. Gwargwadon yadda mutum ya manyanta, gwargwadon yadda wannan hatsari yake raguwa, kuma hoton mama yawanci 'yar shekara 40 zuwa sama ake yi wa.

DAGA INA MAGANAR TA FITO?

Daga Amurka ta taso. A shekarar 2010 wani likita mai gabatar da shiri a talabijin, Dakta Mehmet Oz, ya kawo batun ƙaruwar sankarar tayirod a tsakanin mata, ya alaƙanta ta da hoton haƙori da hoton mama, ya kuma ba da shawarar a riƙa neman makarin wuya. Cikin 2011 sai maganar ta koma saƙo, wannan ta tura wa wannan, har ta tsallaka ƙasashe da harsuna. A wannan shekarar ne ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, tare da ƙungiyar ƙwararru kan hoton mama, suka fitar da sanarwa suna cewa babu hujjar kimiyya a kan wannan tsoro, kuma ba su goyon bayan a riƙa sanya makarin. Matsalar ita ce saƙon ya yi tafiya, amsar kuwa ba ta bi shi ba.

NAWA NE YAKE KAIWA GA WUYA?

A nan ne zuciyar darasin take, don haka ki natsu.

Na farko, ba wuya ake haskawa ba. Na'urar tana tattara haskenta ne a kan maman da ke tsakanin faranti biyu. Abin da ke kaiwa ga wuya ɗan ɓurɓushi ne da ya fantsama. Ki ɗauki misalin mai tankaɗe: gari yana zuba ne cikin ƙwarya, abin da ke tashi ya taɓa mayafinta bai kai a auna shi da cokali ba. Masana sun auna wannan ɓurɓushi, suka samu kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na abin da maman ya samu.

Na biyu, ko ba ki taɓa shiga asibiti ba, kullum jikinki yana karɓar irin wannan haske daga ƙasa da duwatsu, daga sararin samaniya, har daga abinci da iskar da kike shaƙa. Haka aka halicci duniyar. Abin da tayirod take samu daga hoton mama guda ya yi daidai da abin da mutum yake samu cikin kamar minti 30 yana zaune a tsakar gidansa. Hoton gaba ɗayansa kuwa, idan aka lissafa wa dukkan jiki, ya yi daidai da na kamar mako 7.

Na uku, a shekarar 2012 wasu masana biyu a Amurka, Sechopoulos da Hendrick, sun yi lissafin macen da za ta riƙa yin hoton kowace shekara tun daga shekara 40 har zuwa 80. Sakamakon ya nuna cewa yiwuwar hakan ya jawo sankarar tayirod bai wuce mace ɗaya ba cikin mata kimanin miliyan 17. Ki sake karanta adadin nan. Hoto arba'in ke nan fa, ba guda ɗaya ba.

TO ME YA SA AKA CE CIWON YANA ƘARUWA?

Alƙaluman sun ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma sun ƙaru har a tsakanin maza, kuma maza ba sa zuwa hoton mama na shekara-shekara. Babban dalilin shi ne na'urorin sikanin na zamani suna gano ƙananan ƙulluttai waɗanda a da mutum zai rayu da su har tsufa bai san da zamansu ba. Koriya ta Kudu ta zama misali: bayan da sikanin ɗin wuya ya yawaita a can, adadin waɗanda aka gano suna da sankarar tayirod a 2011 ya ninka na 1993 sau 15, amma adadin masu mutuwa da ita bai canja ba. Wato gano ciwon ne ya ƙaru.

MAKARIN WUYA FA?

Wata za ta ce, to mene ne laifi idan na sa don kariya? Laifinsa shi ne yana iya zamowa ƙasa ya shiga cikin hoton. Naman mama yana miƙewa har zuwa wajen hammata da saman ƙirji, kuma ɓangaren sama ta wajen hammata shi ne wurin da sankara ta fi yawan fitowa. Idan dalma ta rufe wurin, ko dai ciwo ya ɓuya a bayanta, ko kuma a ce a sake ɗauka, maman ya karɓi haske sau biyu. Kin ga an gudu ba a tsira ba.

INDA HATSARIN YAKE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, kimanin 670,000 kuma suka rasu a dalilinta. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. Ƙiyasin wannan shekarar ya haura mata 30,000, waɗanda suka rasu kuma kusan rabin wannan adadi. Abin da ya fi jawo asarar rayuka a wajenmu shi ne jinkiri. Mace za ta ji ƙullutu ta yi shiru saboda kunya, ko ta ce ai ba ya ciwo, ko a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, sai ya fashe sannan a nufi asibiti. Alhali idan aka gano shi da wuri, akasarin mata suna samun lafiya da yardar Allah. Ki ɗora waɗannan alƙaluma a ma'auni ɗaya da wancan ɗaya cikin miliyan 17, ki ga wanda ya rinjaya.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. Idan kika ji ƙullutu a mama ko hammata, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, ki je asibiti cikin satin. Yawancin ƙulluttai ba sankara ba ne, amma bincike ne kaɗai zai bambance.

2. Idan kin kai shekara 40, ki tambayi likita lokacin da ya dace ki fara hoton ko da lafiyarki ƙalau. Idan mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta taɓa yin ciwon, ki faɗa masa, domin mai yiwuwa ki fara da wuri.

3. Idan kina da juna biyu, ko kina zargin akwai, ko kina shayarwa, ki sanar kafin a fara. Ga mai ciki da mai ƙarancin shekaru yawanci da sikanin ake farawa, irin wanda ake yi a wajen awo, shi kuwa da sauti yake aiki, babu hasken ekisire a cikinsa.

4. Ranar hoton kada ki shafa hoda, mai ko turaren hammata a ƙirji da hammata, domin suna iya fitowa a hoton kamar ɗigo-ɗigon ciwo. Ki cire sarƙa, ki sa riga da zani maimakon doguwar riga.

5. Ki zaɓi satin da ya biyo bayan al'ada, lokacin mama ba ya tsami. Ki tafi da tsofaffin hotunanki idan akwai. Game da kunya kuwa, mata ne suka fi yin wannan aiki, kuma kina da damar tambaya tun wajen karɓar kati.

6. Kada ki haɗa hoto da gashi. Gashi magani ne da ake yi wa wadda aka riga aka tabbatar tana da sankara, kuma haskensa ya ninka na hoto sau dubbai. Idan gashin ya haɗa da gindin wuya, yana iya raunana tayirod, mace ta riƙa jin kasala, sanyi da ƙarin ƙiba. Wadda aka yi wa irin wannan ta nemi a riƙa yi mata gwajin jini, kuma akwai ƙwayar da ake sha ta maye gurbin abin da ya ragu.

KAMMALAWA

'Yar'uwa, idan wannan saƙo ya sake shigowa wayarki, ki dakata kafin ki tura wa wata, domin ba ki san wadda take riƙe da takardar likita tana neman dalilin fasawa ba. Ki karanta wa maigida wannan darasi shi ma, tunda sau da yawa izinin fita da kuɗin hoton daga wajensa suke fitowa. Idan kuma akwai wata a gidanku ko maƙwabta da ta ajiye takardarta, ki lallashe ta, ki raka ta.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in sha Allahu.

Wassalamu alaikum.